Lesin Malam na bayan kasuwa: ya ci kuɗinsa, amma ba kowane yaro zai yi wa ba

Tun da labari ya bazu cewa 'yata Auta ta fara haɗa baƙi tana karantawa da kanta, matan da ke zuwa awo a asibitinmu suka hana ni sakat. Ina kika kai ta? Nawa ake biya? Da gaske ne mutumin yana shigar da yara makarantar masu hazaƙa ta Bamaina? Shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙauye na ƙasar Birnin Kudu. Ba abin da ya haɗa ni da mai lesin sai kuɗin wata da nake biya, kuma ba zan kama sunansa ba, tunda akwai abubuwan da ba su yi mini ba da zan faɗa. Mutanen yankinmu sun san shi, kowa Malam yake ce masa.

Auta shekararta goma, tana aji biyar. Kakarta tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma tun yarinyar tana 'yar shekara bakwai ita ke riƙe mata lissafi a ka: wa ya ɗauki kwalba biyu bashi, nawa aka sayo tiyar gyaɗa, me ya rage bayan an cire kuɗin inji da na itace. A Islamiyya kuwa, abin da ta ji sau biyu ya zauna. Amma miƙa mata littafin boko, sai ka rantse wata yarinyar aka sauya maka. Tana juya b da d, balle ɓ da ɗ masu lanƙwasa. Kalmar da ta karanta a layin farko, in ta sake cin karo da ita a layi na uku, sai ta tsaya tana kallonta kamar ba su taɓa haɗuwa ba. A makaranta wasu malamai suka ce lalaci ne, wasu suka ce raini ne, wai yarinyar da ke gyara wa malami lissafi a allo ba yadda za a yi ta kasa karatu sai in da gangan. A gida dangin babanta suka ce baki ne ya kama ta. An sha rubutu, an yi hayaƙi. An duba idonta a Dutse, lafiya lau, kunne ma haka.

Wurin Malam shago biyu ne a bayan kasuwa, da rumfar kara a gaba. Benci huɗu, tabarmi, allo, sola ƙarama mai ɗaukar fanka ɗaya da ƙwan fitila. Ana zama daga bayan la'asar zuwa dab da magariba, Asabar zuwa Talata. Naira dubu shida ne a wata, kuma na ga yana karɓar gero ko riɗi da kaka daga waɗanda ba su da kuɗi a hannu. Tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya. Ya yi NCE a kwalejin ilimi ta Gumel, daga baya ya karanci ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero, kuma wannan karatun na biyu shi ya bambanta shi da sauran masu lesi da na sani.

Ranar farko bai fara da ba ta takarda ba. Hira ya yi ta ja da ita a kan sana'ar kakarta, can sai ya ce: “Auta, in tiya uku ta ba da kwalba biyu na mai, Inna kuma tana son kwalba goma ranar kasuwa, tiya nawa za ta saya?” Kafin ya rufe baki ta ce goma sha biyar, ta ƙara da cewa gara a sayi sha shida don akwai ruɓaɓɓu da ake tsincewa. Ya yi dariya, ya ƙara mata wasu masu wuya har da rabi da kwata, duk ta share su. Daga nan ya rubuta tambayar farkon nan, ita dai, a takarda ya miƙa mata. Ta sa yatsa a kalmar farko, leɓenta na motsi, gumi ya tsattsafo mata a hanci. Bai bari ta kai ga kuka ba, ya karɓe takardar ya aike ta ta sha ruwa a randa. Sai ya juyo gare ni ya ce: “Maman Auta, rumbun a cike yake, ƙofar ce ƙarama. Kada ki ƙara bari a ce mata daƙiƙiya a gabanki.”

Ya bayyana mini cewa alamun sun yi kama da disleksiya, wato ƙwaƙwalwa tana shan wuya wajen haɗa sauti da harafin da ke wakiltarsa, alhali fahimta da tunani suna nan daram, wani lokaci ma sun zarce na sa'o'in yaro. Ba ciwon ido ba ne, ba aljanu ba, kuma yakan bi jini. Da na ji haka sai na tuna ƙanen babanta, wanda ya gudu daga boko tun aji huɗu, yanzu kuma babu injin ban-ruwan da zai gagare shi a fadamar nan. Malam ya ce irin waɗannan yara masu baiwa da tawaya a tare su suka fi ɓacewa a aji, domin baiwar takan rufe tawayar, tawayar ta rufe baiwar, sai a ga yaro tsaka-tsaki ko ƙasa da haka, ba a taimake shi ta nan ba, ba a ciyar da shi gaba ta can ba. Ya kuma gaya mini ƙarara cewa shi ba likita ba ne kuma ba ya ba da takardar shaida. Wannan ya ƙara masa daraja a idona, don na saba ganin masu cewa suna maganin komai.

Abin da na fi yabawa shi ne yadda ya raba lokacin gida biyu, kuma ba ya bari ɗaya ya cinye ɗaya. Rabin farko karatu ne, daga tushe, kuma da Hausa ya fara. Dalilinsa shi ne rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, Turanci kuwa harafi ɗaya sai ya yi sauti uku, don haka ɗora wa irin Auta Turanci tun farko zalunci ne. Yana da faranti cike da yashi, yaro ya zana harafi da yatsa yana furta sautinsa. Yana da muraffan kwalbar lemo da ya rubuta gaɓoɓi a kai, ba, ki, ta, ɗa, yara suna jera su suna gina kalma, a cire murfi ɗaya a sa wani a ga abin da ya fito. Suna tafa hannu suna ƙirga gaɓoɓin kalma. Haruffan da take juyawa kuwa, sai da ta gina su da yumɓu, ya ware b ya yi makonni a kanta kafin ya bar d ta shigo. Da farko na ga kamar wasan yara ne ake karɓar mini dubu shida a kai. Da zangon karatu ya zagayo, sai ga ta tana karanta rubutun jikin buhun taki.

Rabi na biyu shi ne wanda take ɗoki. Nan ba ruwansa da cewa ba ta iya karatu ba, da baki yake karanta mata tambaya, ya ba ta lissafin 'yan ƙaramar sakandare. Sun auna tsawon bishiyar darbejiya ta hanyar inuwarta da sanda, ba wanda ya hau. Wani yaro da ke wurin, mai in'ina sosai, shi aka ɗora wa kula da batirin sola, yana rubuta awon caji kullum. Malam ya ce in aka hana yaro abin da ya iya har sai ya gyara abin da ya gagare shi, to kafin a gama gyaran ya tsani makarantar baki ɗaya. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don na ga yadda Auta ta daina ciwon cikin ƙarya da safe.

Akwai kuma aikin da ba ya cikin kuɗin wata amma ya yi. Ya raka ni wurin hedimasta. Ni da na je ni kaɗai a baya, “sai haƙuri, Hajiya” kawai na samo. Shi kuwa da ya zauna, bayan doguwar gaisuwa, cewa ya yi: “Ranka ya daɗe, ba alfarma muka zo nema a ƙara mata maki ba. A jarrabawar lissafi da kimiyya a karanta mata tambaya, a ƙara mata ɗan lokaci, a daina tsayar da ita ta yi karatu a gaban aji.” Ya tuna masa dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, da ta ce suna da haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba. An amince da biyu, ƙarin lokacin ne aka ce babu mai tsaron ajin. Ko hakan ma, makinta na lissafi ya tashi daga ƙasa zuwa sahun gaba a zango guda.

To, ga inda lesin ya gaza. Da damina kusan a rufe yake. Malam manomi ne, in hadari ya haɗu ko ana noman farko, sai ku tarar da kwaɗo a ƙofa, babu sanarwa, kuɗin acaɓa ya tafi a banza, kuma kuɗin wata bai ragu ba. Irin su Auta in suka yi sati biyu ba bita sai su koma baya. Na biyu, babu banɗaki. Yaran maza suna zagayawa bayan kasuwa, 'yan mata kuwa sai su matse har gida, kuma na san iyaye biyu da suka cire 'ya'yansu mata saboda wannan kaɗai. Na yi masa magana, ya ce mai shagon ne ya hana gini. Na uku, in lokacin jarrabawar shiga sakandare ya gabato, wurin yakan cika maƙil da yaran da aka kawo don bitar tsofaffin tambayoyi, sai ya bar masu yashi da murafu a hannun wani saurayi da ke taya shi. Yaron ba mugu ba ne, amma ba shi da haƙurin aikin, na taɓa jin ya daka wa mai in'inar nan tsawa wai ya yi sauri. Sannan Malam ba ya rubuta komai game da ci gaban yaro, duk a kansa yake. Ni da na saba da katin awo, wannan yana damuna, don ranar da yarinya ta koma wani hannu babu abin da za a miƙa.

Sai maganar Bamaina da kowa ke tambaya. Malam ba ya shigar da kowa ko'ina, kuma shi da bakinsa yake faɗa. Makarantar masu hazaƙa ta Bamaina, wadda aka kafa zamanin Gwamna Sule Lamido da ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, da jarrabawa ake shigarta. Haka ta tarayya da ke Suleja a jihar Neja, wadda NECO ke shirya jarrabawarta. Haka makarantun kimiyya, tun daga na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977, lokacin muna cikin Kano kafin a ba mu Jigawa a 1991, har zuwa namu na Kafin Hausa da ta 'yan mata a Taura. Duk takarda ce ake karantawa da Turanci, ga agogo yana tafiya. Yaro mai hazaƙa da karatu bai dame shi ba zai amfana da bitar Malam, amma irin wannan bita ana samunta a wurare da yawa, wataƙila ma da rahusa. Auta kuwa Hausa ta kama zuwa yanzu, Turanci da sauran tafiya, kuma Malam ya ba ni shawarar kada in tura ta jarrabawar bana ta sha kaye a banza. Babanta bai ji daɗin wannan ba, shi so yake a gwada sa'a. Har yanzu muna kan maganar.

Wanda zan ce ya kai ɗansa shi ne mai yaron da ke ba manya mamaki da baki ko da hannu, amma littafinsa ya cika da jan biro. In ɗanka karatunsa lafiya lau, jarrabawa kawai kake hari, ajiye dubu shidanka ka nemi na kusa da gida. Sababbi yana ɗaukarsu ne a farkon zango, kuma mafi kyau a fara bayan an gama girbi, lokacin yana zaune. A fara duba idon yaro da kunnensa a asibiti kafin a je. A tafi da littattafansa na makaranta, musamman waɗanda ya fi ɓatawa, don su Malam yake fara buɗewa. Masu 'ya'ya mata kuma su tambaye shi maganar banɗakin, ko in mun yi yawa mai shagon zai sassauta.