Kundin Leuchtturm da ƙwayoyin silika bayan damina uku

Na gaji tarin kan sarki daga mahaifina, ciki har da 'yan ƙwayoyi na Arewacin Najeriya da aka fitar a 1900 ɗauke da hoton Sarauniya Biktoriya, da kuma na bikin samun 'yancin kai na 1960. Shekaru da yawa suna cikin wani kundi mai araha wanda aljihunansa na leda ce mai laushi, har wata rana a watan Agusta, a nan Kaduna, na buɗe shi na tarar wasu sun manne da ledar, wasu kuma sun yi ɗigo-ɗigon tsatsa. Wannan asarar ce ta sa na sayi kundin kamfanin Leuchtturm na Jamus, wanda aka kafa a 1917, kuma yanzu damina uku ke nan ina amfani da shi.

Shafukansa na kwali ne mai kauri, an jera masu siraran aljihuna da ake cusa kan sarki a ciki ba tare da an liƙa shi ba, sannan tsakanin kowane shafi da na kusa da shi akwai takarda shara-shara mai santsi wadda ke hana su gogar juna. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda mutum zai zata, domin danƙon da ke bayan kan sarkin da ba a taɓa amfani da shi ba yana farfaɗowa da zarar ya sha laima, kuma duk abin da ya taɓa a lokacin sai ya kama shi. Ita kuwa leda mai laushi irin ta PVC, sinadarin da ake sa mata don ta yi taushi yana tsattsafowa a hankali ya ɓata launi, musamman a wuri mai zafi.

Sai dai kada wanda ya sayi kundi, ko na wane kamfani ne, ya ɗauka ya gama da laima, saboda kwali da takarda suna shan danshin iska. Abin da ya yi mini aiki shi ne akwatin roba mai murfin da ke rufewa ruf, na jera kundayen a tsaye kamar littattafai don nauyi kada ya danne su, na sa ƙunshin ƙwayoyin silika masu tsotse danshin iska da ƙaramin ma'aunin laima a gefe. Ina ƙoƙarin riƙe laimar cikin akwatin a kusan kashi 50 cikin ɗari, tunda fumfuna takan fara tsiro idan laima ta daɗe sama da kashi 65 zuwa 70. Na fi son silika mai ruwan lemo wadda ke sauya launi idan ta ƙoshi, don da ido kawai nake gane lokacin da zan gasa ta a tanda a zafin digiri 120 in mayar da ita.

Da hunturu kuwa nakan cire silikar gaba ɗaya, domin bushewar iska tana sa kan sarki ya nannaɗe, danƙonsa ya tsattsage. Kundin yana da tsada idan an haɗa da kuɗin kawowa daga waje, amma tun da na koma kansa ban sake ganin sabon tabo ba, kuma na riga na yi odar na biyu don na 1960 su samu wurinsu daban.