Digiri na biyu a fannin sadarwa: takardun gida da na Ingila

Ƙanwata, kin ce shekararki uku kina aiki a wani gidan rediyo a Gusau bayan bautar ƙasa, kuma kina tambaya ko takardun neman digiri na biyu a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) su ne dai za ki tura Ingila. Rabinsu ɗaya ne, sauran rabin kuwa ko kusa.

A gida, BUK ce ko ABU Zariya, takarda ce ke magana a madadinki: shaidar digiri, yawanci daga 2:2 zuwa sama, ta bautar ƙasa, sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit 5 har da Turanci, sai malaman da za su tsaya miki. Mai HND sai ya fara bi ta PGD, wato difloma ta gaba da digiri. Inda ake faɗuwa shi ne tiranskirif, wato cikakken bayanin makin kwasa-kwasanki, don jami'ar da kika gama ce ke aikawa da kanta. Nawa ya kwana wata huɗu a teburin wani, har aka rufe ɗaukar ɗalibai ina ji ina gani, na jira shekara guda. Ki biya kuɗinsa tun yanzu, ki kuma samu wanda zai riƙa leƙa miki ofishin.

Ingila ma za su nemi sakamakonki, da fasfo, da shaidar iya Turanci. Wasu jami'o'in na karɓar WAEC, wasu sai jarrabawar Turanci ta IELTS, wanda shekara 2 kawai yake aiki, don haka kada ki yi gaggawar zana shi. Amma can, nauyin yana kan abin da kika rubuta da hannunki. Tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, Chevening, da ake buɗewa a watan Agusta, yana neman aikin shekara 2, wato awa 2,800, da kwas 3 da kika zaɓa, da rubutu kan shugabanci, hulɗa da mutane, dalilin zaɓen kwas ɗin, da abin da za ki yi in kin dawo. Dawowar ma sharaɗi ce, aƙalla shekara 2.

A nan yaranmu ke ba ni tausayi. Sai su cika shafi da cewa tun suna ƙanana suke son aikin jarida, alhali dubban mutane sun rubuta hakan. Ke kuwa 'yar Zamfara ce. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Ta wace hanya gargaɗi ya isa ga matan da ke cikin gida? Rediyo, liman, ko mai unguwa? Wa suka yarda da maganarsa? Wannan tambayar sadarwa ce tsantsa, kuma mai karanta takardarki a jami'ar Cardiff ko ta Leeds ba kullum yake cin karo da irinta ba. Ki haɗa ta da wani shiri da kika gabatar da abin da masu kiran waya suka ce miki.

Ni a ganina ki nemi duka biyun, gida da Ingila. Tun 2020 hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta raba fannin sadarwa gida 7, har da sadarwa don ci-gaban al'umma, kuma tambayar dalmar nan can ta dosa. Ita ce za ki faɗaɗa ta zama batun bincikenki a Kano in tafiyar ba ta yiwu bana ba. Malaman da za su rubuta miki shaida kuma, ki gaishe su ki tura musu rubutun wata ɗaya kafin a rufe.