Yaya ga labarin bindigar farautar da na saya a Kolorado

Salam Yaya, da fatan kana lafiya da iyali baki daya. Ka dade kana min korafi wai tun da nace maka na fada harkar farauta a nan Kolorado sai hoto kawai nake turowa ba bayani, to yau ba na zuwa aiki, bari in zauna in fayyace maka.

Abin da ya fara bani mamaki, bindigar ita ce ta karshe a layi. Sai ka fara yin kwas na mafarauta tukunna, duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau ba za a sayar masa da lasisin farauta ba sai da shaidar kwas din, hukumar Colorado Parks and Wildlife ce ke kula da wannan. Ranar sayen bindiga kuma ka cika fom 4473, a binciki sunanka ko kana da wani laifi a baya, sannan a jihar nan tun 2023 ko ka biya kudinka cas sai ka jira kwana 3 kafin su mika maka kayanka. Ni da girin kad dina, wato katin zama na dindindin, na saya, ba wata matsala.

Irin wadda kusan kowa ke dauka in za shi manyan namun daji ita ce mai sakata, kuma wlh sakatar ce sak irin ta kofa. Ka daga hannunta ka ja baya kwanso ya fice, ka tura gaba ta dauko sabon harsashi, ka sauke hannun ta kulle, shikenan. Tsarin Mauser ne na Jamus na 1898 har yau ake ta kwaikwaya ana dan gyaggyarawa. Kayan cikinta kadan ne shi yasa ko dusar kankara ta zubo mata ba ta cika cijewa ba, ga saiti.

Naman da nake hari sunansa elk, ka dauka kamar gwanki amma kahonsa mai rassa ne, namijin yakan haura kilo 300, kuma Kolorado ta fi kowace jiha a Amurka yawansu. Dokar jihar ta ce harsashin da za ka harbi babban nama da shi kada fadinsa ya gaza .24 na inci wato milimita 6, in elk ne kuma nauyinsa kada ya gaza giren 85 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi). Wannan mafi karanci kenan, daga nan zuwa sama kowa da bakinsa, kuma anan ne rigimar take.

Na fara zuwa wani katon kanti, irin wanda za ka ga tanti da kwale-kwale da takalma da bindigogi jere a bango sun fi karfin kirga. Yaron da ke kanta yana jin nace elk ko tambayata bai yi ba ko na taba harbi, ya sauko min da .300 Winchester Magnum wai ita ce maganinsa, wai da ita ko daga wancan dutsen ne sai ya fadi. Na ji dadin maganar kuwa, saura kiris in zaro kati. Allah ya taimake ni wani abokin aikina Bature yana da irinta yace mu je filin gwaji in dana tukunna. Yaya harbi na farko na kusantar da ido da madubin saiti fiye da kima, bindigar nan ta yi shuri irin na jaki bakin madubin ya sare ni a gira, jini har kan riga, laifina ne ba na kowa ba. Amma abin da ya fi ciwon muni shine bayan nan duk sanda zan taba kunama sai in runtse ido in noke kafada tun kafin ta tashi, harsashi na zuwa inda ya ga dama.

Shi abokin nawa ne ya kai ni wajen wani dattijo makerin bindiga, shagonsa dan karami ne ko rabin kayan wancan kantin babu, amma a nan na ga bambancin mai sayar da kaya da mai sanin kaya. Ya kai ni fili ya rika loda min bindiga da kansa ina juya baya, ashe wani zubin ba komai a ciki, na ja kunama ta yi kyas kawai amma bakin bindigar ya yi kasa kamar an fizge ni. Yayi dariya yace to ka gani, wannan tsoron ne zai sa ka raunata dabba ta gudu ta je ta mutu a wahale inda ba mai ganinta. Abin da ya nuna min shine huhu da zuciyar elk fadinsu ya kai babban faranti, in harsashi mai kyau ya shiga nan an gama, in kuma a tumbi ya sauka girmansa ba zai cece ka ba.

Sai muka bi ire-iren harsashin daya bayan daya. .243 ba ta da shuri sam, yara da ita suke farawa, ta wadatar wa barewa amma ga elk tana bakin iyaka. 6.5 Creedmoor ita ce yayi yanzu, kamfanin Hornady ya fito da ita a 2007, taushi gareta ga saiti, samari kamar su yi mata sujada tsofaffi kuma suna mata dariya, alhali mutanen Suwidin sun fi shekara 100 suna kada dabbar da ta fi elk girma da 6.5x55 wadda kusan yayarta ce. .270 tun 1925 take, tana tafiya a mike, masu hawan dutse na sonta. .308 ta 1952 ce, fadin harsashinta daya da na .30-06 sai dai kwansonta ya fi gajarta, albarushi kadan, don haka bindigarta ma takan fi gajarta da sauki. Ita kuwa .30-06 sunanta ma labari ne, 30 din fadin harsashi 06 din shekarar 1906 da sojan Amurka suka karbe ta, da ita suka yi yakin duniya na daya da na biyu, sojojin da suka dawo gida kuma suka shiga daji da ita. Tana daukar giren 150 don barewa, 180 don elk, har 220 in kana so. Su 7mm Remington Magnum da .300 din nan ba wai ba su da kyau bane, mai iya su yana cin moriyarsu a nesa, amma kudin harsashi ya fi, kara ta fi, shuri ya fi, ni kuma ba na harbin abin da ya wuce yadi 300.

Na tsaya tsakanin .308 da .30-06, a gaskiya elk ba zai gane bambancinsu ba. Na dauki .308 saboda kafadata ta fi jituwa da ita, kuma harsashinta ko karamin kauye ka shiga mai shagon kayan noma daya za ka samu. Wannan maganar samuwa ba karama bace, a 2020 da 2021 an yi karancin harsashi a kasar nan kantoci suka koma wayam, wadanda suka sayi bindiga mai bakon harsashi su suka fi kowa jin jiki.

Bangaren kamfani kuma abin dariya, da yawa daga abin da ke jere a kantin Amurka ba a Amurka aka kera ba. Tikka daga Finlan take, Browning X-Bolt da Howa daga Japan, Weatherby Vanguard ma Howa ce ke kera musu, Bergara daga Sifen. Na gida su ne irinsu Ruger American da Savage, masu araha, dala dari biyar zuwa shida ka fita da sabuwa, kotar roba ce ba kyan gani amma suna harbi fiye da kudinsu. Remington 700 tun 1962 ake yinta, kayan gyaranta ko ina akwai. Winchester Model 70 ita ce ta masu son katako mai sheki, ta 1936, tsofaffin nan in suka samu wadda aka kera kafin 1964 kamar sun tsinci zinariya, sai dai sabuwarta ma ta haura dala dubu. Na daga ta na ji dadi a raina amma na tuna hawa zan yi da ita a dutsen da ya kusa mita 3000 inda numfashi ma aiki ne, ga ruwa ga kankara, katako kuma yana shan danshi ya motsa. Tikka T3x na dauka, wajen kilo 3 ba madubi, sakatarta santsi kamar an shafa mai, kuma kamfanin ya yi alkawarin harbi 3 za su taru cikin kusan inci 1 a yadi 100. Tawa ta cika alkawari, ni ne dai wani lokacin ba na cikawa.

Wani abu da dattijon ya nace a kai, kada in zuba duk kudin a bindiga in dora mata madubin banza. Na sa madubi mai lamba 3-9x40 na kamfanin Leupold, su da kamfanin Vortex garantinsu na har abada ne, in ya lalace ka aika musu su gyara ko su canja. Dattijon ne ya daura min, ya sa na rufe ido na kafa bindigar a kafada sannan na bude, ya rika matsar da madubin har ya zauna daidai inda idona yake kuma nesa da girata. A babban kanti ma suna daurawa, wani lokacin kyauta, amma ba mai bata wannan lokacin a kanka. Ta intanet kuma takan fi araha sai dai ba za a kawo maka gida ba, dole a aika wa dila mai lasisi ka je can ka cika fom ka biya shi ladansa, in ka hada lissafi ribar ba ta da yawa kuma ba ka taba ta da hannunka ba kafin ka biya.

Harsashi kwalin 20 ne, akwai mai arha na gwaji akwai na farauta mai tsada wanda aka yi shi ya bude a jikin dabba ba tare da ya farfashe ba. Wasu na dalma ne da rigar tagulla wasu tagulla zalla, a Kalifoniya ma tun 2019 an hana farauta da mai dalma kwata-kwata. Kowace bindiga da wanda take so, na gwada kala 3 kafin na gane tawa giren 165 take kauna. Kuma ashe duk doguwar bindiga da harsashin da ka saya akwai harajin kashi 11 cikin dari a kai, dokar Pittman-Robertson ta 1937, kudin na tafiya ne wajen kula da namun dajin da filayensu.

Yanzu duk sati biyu nake zuwa fili, na daina harbi a kan tebur, a durkushe nake yi ko in dora kan jakar baya tunda a daji ba mai ajiye min tebur. Lasisin elk ta mace na nema bana, an ce namanta ya fi taushi kuma ba ruwana da kaho. Saura rigar lemo mai kyalli da hula da doka ta wajabta, da takalmin dutse, da firiza, don a nan barin nama ya lalace a daji laifi ne babba, kuma abokin nawa yace in Allah ya bamu sa'a a kafada za mu yi ta jigilarsa zuwa mota, sawu hudu ko biyar. A gaida su Umma, in Oktoba ta yi zan turo maka hoto ko da kafa ce kawai ta kumbura.