Fayibar da na sa a gida: wata bakwai lafiya, kwana tara suka ɓata mana zama

Ni dai ba don kallon ƙwallo na jawo fayiba, wato intanet mai zuwa ta cikin waya har gida, gidana ba, abincina ne a ciki. Ina koyar da yara karatun Alƙur'ani ta Zoom, yawancinsu 'ya'yan mutanenmu ne da ke Ingila, biyu kuma a Kanada, to kun ga duk ranar da netwok ya yi tari ni ne zan ji kunya a gaban iyaye, ba kamfani ba. Da can MiFi, ƴar na'urar intanet ɗin nan da ake sa wa layin waya, nake fama da shi, yaro yana tsakiyar aya hoto ya daskare, in ya dawo ka rasa ya ja maddar nan ko bai ja ba, sai ka ce maimaita, ya maimaita, ya sake daskarewa. Da masu fayibar suka shigo unguwarmu nan Kano suna jan waya kan fol ban ko yi shawara da kowa ba na biya.

Kuma tsakani da Allah wata bakwai ban ga laifinsu ba. Na saya wa rawutar, wato na'urar da ke raba intanet ɗin a gida, ɗan ƙaramin batirinta saboda ɗauke wuta, shike nan, maman yara tana kallon girke-girkenta, ni ina aji, ba wanda ya takura wa wani. Har mutum uku na kai musu a layinmu, wanda yanzu in mun haɗu a masallaci kaina a ƙasa yake.

Ranar wata Talata cikin damina, bayan la'asar, saura kamar minti ashirin in shiga aji, don a damina agogonmu ɗaya ne da na Ingila, yara na dawowa daga makaranta muke farawa, sai na ga jar fitila tana ƙyaftawa a jikin na'urar. Wadda aka rubuta LOS a ƙasanta. Wanda bai sani ba ya sani yau, in wannan ta yi ja to hasken da ke tahowa ta cikin wayar ne bai iso ba, ko dai an tsinke ta a hanya ko matsala daga wajensu, ba abin da kashewa da kunnawa zai yi maka. Ni ma a wannan wahalar na koya. Na kashe na kunna ya fi sau goma, na zare na mayar, har hura bakin wayar na yi kamar kaset ɗin da.

Na kira kostoma kiya. Yarinyar mai ladabi ce ba laifi, yallaɓai ka yi haƙuri, yallaɓai mun ɗauki ƙorafinka, ga lambar tikiti, cikin awa 24 za a gyara. Washegari na kira wani ne ya ɗauka, tambayar farko wai na gwada kashe rawutar na kunna? Na ce ɗan'uwa jar fitila ce fa. Ya ba ni sabuwar lamba. Rana ta uku wata lambar kuma, ina da su a rubuce a bayan kalanda har guda biyar, kowanne da ka samu kamar yau aka haifi matsalar, sai ka faro labari daga farko kana ƙona katinka.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ni na gano musu inda matsalar take. Rana ta huɗu bayan sallar asuba na bi wayar da ƙafa, fol bayan fol, har bakin titi inda take nutsewa ƙasa, sai ga masu aikin kwalbati sun yi haƙa da katafila, ga baƙar waya nan ta leƙo daga cikin taɓo a tsinke kamar an yanke jijiya, yara ma har sun fara jan guntunta suna wasa. Na ɗauki hoto, na tura musu ta WhatsApp har da kwatance, kusa da mai faci, daura da mai shayi. Amsar da aka ba ni wai matsala ce ta gaba ɗaya injiniyoyinmu suna kan aiki. Wace gaba ɗaya? Ga abu a gaban mai faci!

Ni ba mutum ne mai saurin ɗora laifi ba. Lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a watan Maris na 2024 ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, har manhajar banki ta ƙi buɗewa, ban zagi kowa ba, abu a ƙasan teku sai an kawo jirgin ruwa. Haka duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024 da layin wuta ya lalace, kowa ya ga yadda sabis ya koma, janareto nawa za a kunna wa eriya dare da rana, mun yi uzuri. Kuma na san ba su suka tsinke wayar ba, masu aikin titi ba sa tambayar kowa kafin su kafa haƙa, wannan kowane kamfani yana kuka da shi. Amma kwana tara a kan wayar da ko zurfin gwiwa ba ta kai ba, haba jama'a.

A kwanakin nan hotspot na koma, wato jawo intanet daga wayar hannuna, ina sayen data a kan kuɗin watan da na riga na biya, ga shi tun da aka yi ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025 data ta zama abin da ta zama, aji biyu uku ka ji saƙo ya shigo wai ta kusa ƙarewa. Cikin ɗakina kuma sabis ɗin waya sanda ɗaya ne, sai na ɗaure wayar a jikin tagar kicin na ja tabarma na zauna a tsakar gida, ranar da aka yi ruwa kuwa a bakin ƙofar kicin na yi aji ana soya albasa a bayana. Wata baiwar Allah mai yara uku a wajena ta turo saƙo cikin mutunci, Malam ko za mu ɗan dakata zuwa wata mai zuwa in abubuwa sun daidaita. Duk wanda yake wannan sana'ar ya san ma'anar wannan maganar. Ba su dawo ba.

Rana ta tara sai ga wani yaro a babur da tsani da jaka a baya. Wallahi na fito ne da niyyar in sauke masa duk abin da ke cikina, sai ya duƙa ya gaishe ni, Malam a yi haƙuri, jikina ya yi sanyi. Ya jona wata na'ura a bakin wayar ta nuna masa nisan inda ta tsinke, muka tafi tare, daidai wajen da na tura hoto. Ya shiga taɓon nan har idon sawu, ya fere wayar, ashe abin da ke ciki siriri ne kamar gashi, ya goge da auduga ya sa a wani ɗan inji mai allo ya narkar da bakin biyu ya haɗe su. Ko awa biyu bai yi ba fitila ta koma kore. Na ba shi na mai ya ƙi karɓa, da ƙyar ya sha ruwan leda biyu. A ranar da an ce in ba su maki, saboda yaron nan kaɗai da na ba su mai kyau, har na ce wa maman yara a bar maganar ta wuce.

To amma kafin ya tafi na ce ƙanina me ya riƙe ku haka, ya buɗe wayarsa ya nuna min, da safiyar ranar aka tura masa aikin. Da safiyar ranar. Wato duk tikiti biyar ɗin nan da hoton da na tura ba wanda ya miƙa wa masu gyara, ana ta ce min suna kan aiki.

Bayan kwana huɗu kuma saƙo ya shigo wai kuɗin watana ya ƙare in sabunta. Na ce ina kwana taran da ban sha ba? Wai tsarin kwana 30 ne yana tafiya ko ka yi amfani ko ba ka yi ba. Na ce ai ba ni na ƙi amfani ba, ku ne ba ku kawo ba, kuma in ba a duba ba zan kira 622 in kai ƙara hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa. Nan take murya ta canza, a ba mu lokaci yallaɓai, zuwa yamma aka ƙara min kwana biyu. Biyu cikin tara, kamar sadaka.

Na sabunta dai, ba zan ɓoye ba, don in yana aiki ba abin da ya kama ƙafarsa a unguwar nan, kuɗin Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, kuma ba na malamin allo ba ne. Amma na daina kai musu kowa, na ajiye lambar yaron nan na gyara, na kuma sayi layi na biyu na sa a tsohon MiFi ɗina yana cikin durowa da cajinsa. Sauran kwana bakwai ɗina kuma har yau ina bi, jiya ma na kira, an ba ni lambar tikiti.