Haruffan Mayen Ƙarfe Da Na Saya Wa Ummi: b Mai Ciki, d Mai Goyo

Ba su suka kai ni kasuwa ba. Zare da zif na shiga nema a Sabon Gari, a hanyar fitowa na ratsa ta layin masu littattafai da jakunkunan makaranta, sai idona ya faɗa kan wani ɗan bokitin roba mai murfi, cike da haruffa ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa. Mai shagon ya ga na tsaya, ya zaro ɗaya ya ɗana a jikin ƙofar ƙarfe, abu ya maƙale. Ya ce, "Hajiya, mayen ƙarfe ne a bayansu. A firji ake mannawa, yaro yana wasa yana karatu." Ya sa suna naira 6,000, muka yi ta ja har ya sallama a 4,500. Yau wata uku ke nan suna gidana, na ga amfaninsu, na kuma ga aibinsu.

Ummi shekararta huɗu da 'yan watanni, tana nazare. Waƙar ABC kam ta haddace ta kamar ruwa, har da rausaya kai. Amma ka nuna mata harafi ɗaya daga tsakiya ka ce mene ne wannan, sai ta koma kan A ta faro waƙar, tana bin su da yatsa har ta iso wurin. Waƙa ta iya, ba harafi ba. Muna da irin takardar bangon nan mai haruffa 26 a jere, kowanne da hotonsa, akwai tuffa, akwai sarauniya mai kambi, akwai ɗakin ƙanƙara irin na mutanen ƙuryar arewacin duniya. Yarinyar da ko ƙanƙarar firji sai an yi sa'ar wuta take ganinta. Takardar ta zama ado kawai.

Abin da ke cikin bokitin: manyan haruffa 26, ƙanana 26, lambobi daga 0 zuwa 9, da alamomin lissafi. Ƙirar Chana ne, tsawon kowanne bai kai ɗan yatsana ba. Robar tana da ƙwari, ba ta da kaifi. An taka su, an tauna su, h ya taɓa kwana cikin ruwan wanki, babu wanda ya karye ko ya koɗe. Ta wannan fannin ba ni da ƙorafi.

Babban amfaninsu shi ne harafi ya sauko daga bango ya shigo hannu. Sai in ɗauko guda ɗaya tak, in rufe bokitin in ɗora kan durowa. Antinsu ta makaranta ce ta ba ni wannan shawarar, ta ce kada in zube mata duka, kuma in riƙa faɗa mata sautin harafin, ba sunansa na waƙa ba. Su da tsarin Jolly Phonics suke koyarwa, wanda ba ya ma farawa da A, B, C. Da s, a, t, i, p, n yake farawa, saboda da su shida ɗin yaro zai iya haɗa ƙananan kalmomin Turanci tun da wuri. Ni dai a gida na ce da b za mu fara, don duk abin da Ummi ta fi sani da shi ya fara: Baba, buta, bokiti, biri, bargo.

Firjin ma bai yi mana ba. A kicin yake, dab da abin girki, ba zan bar yarinya tana durƙuso a wurin ba. Na gwada murfin tukunyar alminiyam, suka zube, mayen ƙarfe ba ya kama shi. Sai na tuna da wani tsohon farantin ƙarfe mai fenti, cikin kayan jeren mahaifiyata. Shi ya zama allonmu. Tana ɗora shi a cinya, ina kan keken ɗinki, muna yi.

Kwana huɗu aka yi, Ummi ta "iya" b. Ko cikin haruffa goma na cakuɗa shi, kafin in rufe baki ta zaro. Har na kira Abbanta ya zo ya gani, ya yi mata alkawarin biskit. Washegari ina yanka yadi, alli yana hannuna, sai na rubuta b a gefen teburi na ce, "Ummi, mene ne wannan?" Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Umma, ban san shi ba."

Na ce ai b ɗinki ne.

Ta ce, "A'a, nawa ja ne."

Ashe kwana huɗun nan launi take nema. A cikin goman da nake cakuɗawa shi kaɗai ne ja mai tsawo, ita kuma ta samu hanya mai sauƙi. Wannan shi ne aibin farko, kuma wanda ba za ka gani a shago ba, don launin ne ma yake jan mai saye. Kowane harafi guda ɗaya ne da launi ɗaya, yaro mai wayo kuwa ba zai wahalar da kansa da siffa ba alhali ga launi a fili. Duk wadda ta saya, ta riƙa gwada yaron da harafin a wani wuri dabam: a rubuta da alli, a zana a ƙasa da tsinke, a nuna a jikin gwangwani. Mu gwangwanin Bournvita da ledar biskit muka koma bi, muna farautar b babba da ƙarami.

Da muka zo kan d kuwa, sai aka koma gidan jiya. b take kiran sa. In na gyara mata, gobe ta kira b ɗin da d. Na fara jin haushi, har na ɗaga murya sau ɗaya, abin da har yanzu nake nadama. Daga baya na zauna na yi tunani, yarinyar tana da hujja. Tun da aka haife ta, buta buta ce, ko bakinta ya dubi gabas ko ya dubi yamma. Kofi kofi ne, mariƙinsa na dama ko na hagu. Duk abin da ta sani a duniya ba ya sauya suna don an juya shi, sai yau rana tsaka aka kawo mata sanda da ƙwallo aka ce in ƙwallon yana dama suna kaza, in yana hagu suna kaza. Wannan rikicin na b da d abu ne da aka saba gani ga yara har wajen shekara bakwai, ba daƙiƙanci ba ne.

A nan haruffan roba suna taimako, suna kuma ɓata aiki. Taimakon shi ne mayen ƙarfen yana baya, don haka ba za ta iya kife b ya zama d ba, in ta kife ba zai kama faranti ba. Ɓarnar ita ce tana iya wuntsila shi. b in ya yi kai ƙasa ya zama q, d ya zama p, n ya zama u. Harafin da ke kan takarda a zaune yake wuri ɗaya, wannan kuwa yawo yake. Sai da na manna zirin ƙyalle a gindin farantin, na ce mata nan ne ƙasa, kowa a nan yake taka ƙafarsa.

Wadda ta raba gardamar b da d ita ce Hajiya, surukata. Ta zo mana wuni, tana zaune kan tabarma tana kallon wahalar da muke sha. Can ta ce, "Ke 'yar nan, mu da aka koya mana babbaƙu, wa ya ce mana harafi ja ne ko kore? Tawada ɗaya ce, allo ɗaya." Sai ta hau jero su da muryar makarantar allo: alu, ambaki, wau, zal, ba, lallan, ha kuri. Ni ma na yi wannan karatun, amma ban taɓa tsayawa na lura da hikimarsa ba sai ranar. Yawancin sunayen nan siffa suke faɗa. Ambaki, ga shi nan ya hangame baki. Ha kuri ta dunƙule. Mim jaye an ja wutsiyarsa. Malaman sun sa wa harafi suna da Hausa, sunan da zai sa yaro ya dubi jikin harafin.

Hajiya ta karɓi b da d ta jera su a farantin. Ta tambaye ni ta ina karatun boko yake tafiya, na ce daga hagu zuwa dama. Ta ce to duka biyun can suka dosa. Ta nuna b ta ce, "Wannan mai ciki ce, kayanta a gaba." Ta nuna d ta ce, "Wannan mai goyo ce, nata a baya." Ummi ta fashe da dariya, ta ruga ta ɗauko 'yartsanarta ta goya, ta ce ita ce d. Ba zan ce daga ranar ta daina kuskure ba, har yanzu takan yi in tana gaggawa. Amma yanzu in ta rikice ba na faɗa mata amsa, cewa kawai nake, ciki ne ko goyo? Sai ta tsaya ta duba. Da b muna kiran buta da Baba, da d muna kiran doki da dabino da doya.

Aibi na biyu ya fi ci mini rai, ko da yake laifin ba na wanda ya ƙera ba ne, shi don Turanci ya yi abinsa. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Akwai p da q da v da x, waɗanda ba sa cikin baƙaƙen Hausa. Sh da ts ana iya haɗa su da haruffa biyu, amma masu ƙugiya fa? Na gane haka ne ranar da muke farautar abubuwan da suka fara da d, Ummi ta nuna ɗaki. Na buɗe baki zan ce e, sai na ji ai ba haka ba ne. Kunnenta ya san bambancin da da ɗa, ya san kaya ba ƙaya ba ne, ya san baki ba baƙi ba ne. In na ce mata harafi ɗaya ne, na koya mata ƙin yarda da kunnenta. Tun shekarun 1930 aka shigo da haruffan nan masu ƙugiya cikin rubutun boko, 'yan'uwanmu na Nijar har y ɗinsu ƙugiya gare shi, ƴ, inda mu muke sa ɗan waƙafi a sama. Amma har yau sai ka zaga layi guda na masu kayan makaranta a tsakiyar Kano ba ka samu abin wasa mai ƙ ba. Ko a waya yawancinmu ba ma sa su, to ina yaro zai gan su?

Abin da na yi, tunda ɗinki ne sana'ata: na yanka ɓ da ɗ da ƙ a kwali, na lulluɓe su da ƙyalle baƙi, na ciro mayen ƙarfen da ke bayan alamomin sau da rabawa, waɗanda ba za ta buƙata ba nan kusa, na ɗinke shi a ciki ruf. Ba su yi kyan na kanti ba, ƙ ɗin ma kamar wanda ya sha duka. Ummi ta sa musu suna da kanta, masu hula. ɓ mai ciki ce mai hula, ta ɓera da ɓawo. ɗ mai goyo ce mai hula.

Sauran ƙananan abubuwa. Tunda kowane harafi ɗaya ne, Baba ma ba ya rubutuwa sai an ranto babban A an sa a ƙarshe, Hausa kuwa a ta yi mata yawa. Ƙaramin a ɗin irin na littafi ne mai rumfa a ka, ba irin zagayayyen da Anti take rubutawa a allo ba, sai da na nuna mata cewa mutum ɗaya ne ya sauya riga. Ƙaramin l da babban I kuwa ni kaina sai na gwada tsawonsu.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi. A sati na uku na tsinci ɗan mayen ƙarfe a kan leda, bai fi ƙwayar wake ba, ya ɓallo daga bayan m. Ƙanin Ummi rarrafe yake, komai ya gani sai baki. Yaro in ya haɗiye guda biyu, suna iya janyo juna ta bangon hanji har su huda shi, magana ta kai ga tiyata. A jikin bokitin akwai alamar nan ta fuskar jariri da 0-3 an soke da jan layi, ba ado ba ce. A daren na bi su ɗaya bayan ɗaya da farce, na samu huɗu suna motsi, na cika su da gam. Yanzu sai ƙanin ya yi barci ake buɗe bokiti, in an gama kuma sai an ƙirga.

Da za a mayar da ni bakin shagon, zan sake saya, amma ba don abin da mai shagon ya faɗa ba. Yaro ba ya wasa yana karatu shi kaɗai da su. In ka zube masa, jirgin ƙasa zai jera, Ummi ma shayi take dafawa da o. Minti goma ne a rana, da babba a kusa, harafi ɗaya ko biyu. Wadda take da mai rarrafe a gida kuma ba ta da inda za ta ɓoye su, gara ta nemi manya na katako, ko ta tsaya ga alli da ƙasa.

Makon jiya na koma sayen zare, na biya ta shagon don in ƙaro bokiti na biyu, in samu a da yawa, in kuma dace wataƙila b ɗin ciki ba ja ba ne. Na sa ya buɗe na duba, kore ne, na biya. Na ce, "Malam, ba a kawo muku masu haruffan Hausa? Masu ƙugiya?" Ya ce tunda yake ba wanda ya taɓa tambaya sai ni. Na zana masa ƙ a bayan rasit, ya juya shi sama da ƙasa yana dubawa, ya ce in bar masa zai nuna wa mai kawo musu kaya daga Legas.