Shagon da ya wanke min hoton Kwalli: aikinsu ya yi, amma sai da muka ɗan yi

Tun satin Sallah nake son rubuta wannan, hidima ta hana, yanzu da baƙi suka watse tukwanen suya suka koma sito bari in sauke nauyi. Wani shagon wankin hoto da haɗa firam ne a wajen Zoo Road nan Kano, ƙarami a saman bene, sunan dai ba zan kama ba tunda akwai ɗan ƙorafi a maganar tawa kuma bayin Allah halak ɗinsu suke nema.

Abin da ya kai ni hoton mage ne. Eh, mage. Ku yi dariyarku ku gama, ai 'yan gidanmu ma sun riga ku.

Kwalli sunanta, fara ce tas sai baƙin zane zagaye da idanu kamar wadda aka rambaɗa wa kwalli za ta gidan biki, kunnenta na hagu kuma a yage, wani muzurun makwabta ne ya yi mata wannan aika-aikar tun tana ƙarama. Shekara bakwai muna tare. Ta mutu washegarin Babbar Sallah ta 2024, Sallar da aka yi ranar Lahadi 16 ga Yuni, shekarar nan da 'yan sanda suka hana hawa a Kano gari ya yi wani irin shiru ba algaita ba ƙarar bindiga. Kuma ni ce sila, shi ya sa abin ya ƙi barina. Ranar Sallah an yanka rago an rataye shi ya kwana ya tsane kamar yadda aka saba, an gasa hanta na yankar mata nata kason, da yamma sai na ga tana ɗingishi ƙafar gaba ta kumbura, wataƙila cikin turmutsutsun masu fiɗa wani ya take ta. Tausayi ya kama ni na ɓallo rabin farasitamol na daka na cusa cikin nama na ba ta. Da asuba fuskarta ta haye, numfashi sama-sama, dasashinta ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ranar hutu ce, inda muka je a rufe, likitan dabbobin da muka samu a waya daga ƙarshe yana jin sunan maganin ya yi salati, yace hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol irin tamu, yana ɓata musu jini ya kasa ɗaukar iska, ko gutsure kan iya kashe su, akwai makari amma sai an kawo da wuri sosai. Kafin azahar ta cika, ana ta suya a tsakar gida ƙamshi ya cika unguwa mu muna haƙa rami a gindin darbejiya. Dan Allah duk mai mage ya riƙe wannan ko bai karanta sauran ba.

To bana, wato 2025, da Sallah ta matso, tun da aka fara jin kukan raguna a layi 'yata ta fara zancenta. Mu a gidan nan ba 17 ga Yuni muke tuna ta ba, washegarin Sallah muke tunawa, 11 ga Zulhijja, shi ya sa bana abin ya zo mana tun 7 ga wata da yake an yi idi ranar Juma'a 6 ga Yuni. Nace bari in wanke hoton guda ɗaya mai kyau yarinyar ta samu abin dubawa, don duk hotunan a waya suke kuma wayar tawa saura ƙiris.

Na je ranar Litinin shagon a cike maƙil, masu wanke hoton aure, masu fasfo, wata mata da hoton mahaifinta na aikin Hajji. Da layi ya zo kaina na miƙa waya ina ɗan noƙewa, ina jiran a ce Hajiya yanzu a tsadar nan mage za ki yi wa firam. Mai shagon, dattijo-dattijo haka mai tabarau, ya daɗe yana kallon hoton sannan yace "Hajiya tana nan ko ta mutu?" nace ta mutu bara da Sallah. Yace Allah sarki, sabo ake wa kuka. Shi ke nan bai ƙara ba, bai yi murmushin nan na ƙasa-ƙasa ba. Wallahi a nan ya saye ni, don shekara guda kenan duk wanda na gaya wa sai yace ai mage ce ki samo wata, kamar bokiti ne ya fashe.

Abu na biyu da ya burge ni gaskiyarsa. Ni babba na so, inci 8 a 10. Ya buɗe hoton a kwamfuta ya zuƙo shi ya nuna min yadda gashin ya farfashe ya koma ɗigo-ɗigo, yace wannan an yi ta tura shi ta WhatsApp ne, kuma in aka tura a matsayin hoto ana matse shi nauyinsa ya ragu, in ana son na wanki a nemi asalin wanda ya ɗauka ya turo a matsayin dokumen. Ƙanwata ce ta ɗauka, na kira ta a tsaye a wajen ta turo, ya ɗan fi amma duk da haka yace 5 a 7 ne zai fita tsaf, in na dage kan babban zai yi min amma zan dawo ina zaginsa. Wani da tuni ya karɓe kuɗin babban ya yi shiru. Ya kuma ba ni shawarar takarda marar sheƙi, wai mai sheƙin tana manne wa gilashi in damina ta yi nisa ɗaki ya ɗau laima, ranar da za ka ɓanɓare sai fuskar ta biyo gilashin. Firam ɗin katako baƙi mai ƙafa na zaɓa, duka-duka dubu shida da ɗari biyar, na yi turansifa, aka ce Laraba.

Laraba na aika aka ce wuta, janareto kuma ba ya ɗaukar injin. Na yi uzuri, satin Sallah ne kowa a wuya yake. Alhamis ranar Arfa ina azumi na bar girkin buɗa-baki na hau Adaidaita na je da kaina ni da 'yata, aka miƙo min a leda, na buɗe, sai na ga wata mage kyakkyawa da ban taɓa gani ba a rayuwata. Ashe yaron da ke kan kwamfuta ne ya ga hoton bai fita sosai ba ya saka shi cikin manhajar nan ta gyaran fuska, ita kuma ta ɗinke kunnen da ya yage ya dawo cif, ta goge kwallin idon wai datti ne, gashi ya yi luf-luf kamar magen kalanda. 'Yata ta leƙa tace "Umma wannan ai ba Kwalli ba ce" ta fashe da kuka a gaban mutane. Yaron kuma maimakon ya ba da haƙuri sai cewa yake Anti ai wannan ta fi kyau, kyauta ma na yi miki editin ɗin. Mtsw. Azumi ne kawai ya riƙe min baki. Nace ɗan nan wa ya ce maka kyau na zo nema, kunnen nan da ka toshe ni na wanke shi da ruwan gishiri sati biyu tana yakushina.

Wannan shi ne babban ƙorafina, kuma ba su kaɗai ba ne, yanzu duk masu wankin hoto sun ɗauki wannan ɗabi'ar, ka kai hoton kakarka a dawo maka da ita ba tsaga ba tamoji kamar 'yar ashirin. In za a taɓa hoton mamaci, mutum ne ko dabba, a tambayi mai shi tukunna, a nuna masa a sikirin kafin a wanke. Minti ɗaya ne fa.

Mai shagon ya fito daga ciki ya karɓa ya haɗa da na waya, ya yi wa yaron faɗa amma ba na cin mutunci ba, yace min Hajiya laifinmu ne, ki je gida ki sha ruwa, ba za ki ƙara ko kwabo ba. Na tafi ban sa rai ba gaskiya, don gobe idi jibi suya wa zai buɗe shago. Sai ga shi ranar Asabar bayan la'asar, ranar da ta cika shekara cif a lissafinmu, an yi sallama wai ana magana a waje, shi ne da kansa cikin shaddarsa ta Sallah da leda a hannu. Wannan karon ita ce, kunne a yage, ido ram da kwalli, har ɗan kaskon da take kwanciya kusa da shi ya fito a gefe. Ya like bayan firam ɗin da salatif zagaye saboda ƙurar hunturu, kusurwoyin sun haɗu ba gibi, sai dai ƙafar tana ɗan rawa sai na tokare ta da kwalbar turare. Na zuba masa soye a leda, ya ƙi ya ƙi sannan ya karɓa.

Baba, surukina, da ya gani yace shi dai kar a rataye masa hoton mai rai a bango, na san maganar malamai ta rabu a kan hoton kyamara kuma ban ja da shi ba, dama shi ya sa na zaɓi mai ƙafa. Amma shi ɗin ne ya zauna yana ba jikarsa labarin yadda Sahabi Abu Huraira ya samo laƙabinsa saboda 'yar kyanwar da yake yawo da ita, har ta daina kuka. Yanzu hoton yana cikin durowar 'yata, ta ciro ta kalla ta mayar.

In maki ne, huɗu cikin biyar zan ba su, ɗayan na cire saboda yaron kwamfuta da kwana ukun da aka ƙara min. Zan koma da hotunan marigayiya innata bayan wata, amma wannan karon kujera zan ja in zauna a bayan yaron har a gama.