Mai ƙoƙon kai a riga ya ba ni kunya

'Yan majalisar Tudun Wada, ina gaisuwa. Ranar Asabar na sha kunya a nan Birmingham, kuma ni na jawo wa kaina.

Hannun PlayStation na saya kwance, kwana tara ya fara jan ɗan wasa gefe shi kaɗai. Na nufi shagon da shirin rigima irin ta Sabon Gari, har rantsuwar da zan yi na tanada. Wanda na tarar a kanta ya sa na ja da baya: ƙato, gashi har gadon baya, zobe a hanci, baƙar riga da hoton ƙoƙon kai, ga wani kiɗa na tashi kamar injin markaɗe ya haɗiye cokali. A raina na ce wannan ko da rana na gan shi a Ƙofar Doka sai na sauya hanya. Ya karɓi rasit, ya jona, ya gwada, ya ce in yi haƙuri. Canji nake so ko kuɗina? Shi ke nan fa. Ashe doka ce tun 2015, kaya in ya zo da matsala kana da kwana 30 ka mayar. Mu kuwa kaya in ya fita ya fita, mai shago ya dubi idonka ya ce ƙila yaranka ne suka yar da shi.

Da kunyar ta sake ni na ce masa wannan hayaniyar fa? Sai na sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Hebi metal suke kiransa, kuma garin nan ne mahaifarsa. A 1968 aka kafa ƙungiyar makaɗa ta Black Sabbath a unguwar Aston. Makaɗinsu Tony Iommi injin masana'anta ne ya yanke masa kan yatsu biyu, ya sassauta tsirkiyar gitarsa don ya iya dannawa, sautin ya ƙara nauyi. Har gada aka sa wa sunansu a Broad Street, kullum ina wucewa ban sani ba.

Shi kuwa ƙaton kantar, ta gem kiɗan ya kama shi. Doom, wanda ya fito a 1993, kana harbin dodanni kiɗa irin wannan na tunzura ka. A 2005 aka fito da Guitar Hero, yara na danna gitar roba a falo, wasu daga nan suka koma ta gaske. Shi ya sa rigar gem da ta makaɗa rataye ɗaya suke a shagon.

Ni dai kunnena bai karɓa ba, minti goma kaina ya ɗau sara. Tsada kuma ba a magana, sabon gem fam 70. Abin da ya fi damuna, kowa a ɗakinsa yake bugawa, abin ji a kunne, da mutanen da bai taɓa gani ba. Ina gidan gem ɗinmu na Samaru, janareta na kuka, wanda aka ci ya tashi, 'yan kallo sun fi mai bugawa iyawa? Nan wuta ba ta ɗaukewa, in an lallasa ka ba abin da za ka fake da shi.

Da zan fita ya miƙo mini takardar wani wasansu na wata mai zuwa. Na ce zan duba. Don Allah kada wanda ya kai wa Hajiya wannan labari.